Mun fita mu goma sha ɗaya, mun dawo kashi uku: yaya ake riƙe ayarin kekuna a kan hawa?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma sai na fara ba ku labarin abin da ya same mu ranar Asabar ɗin da ta wuce, in ba haka ba ba za ku gane inda ke yi mini ƙaiƙayi ba.

Shekara biyu ke nan muna fita da kekuna duk Asabar bayan sallar asuba, mu huɗu, wani lokaci biyar. Ba wata tafiya ce ta a zo a gani ba. Mu haɗu a shataletalen Gidan Man Ada, mu miƙe hanyar filin jirgi, mu juyo kafin rana ta buɗe ido. Kilomita 30, in an ji ƙarfi a yi 40. Sai wani abokin aikina ya sa hotunanmu a Facebook, kafin ka ce kwabo mutane sun fara kira suna so su shigo. Muka buɗe zaure a WhatsApp, aka ce ni ne shugaba, don kawai ni na fi kowa furfura.

Ganin mun yi yawa, kuma hunturu ya shigo gari ya yi sanyi, sai na ce mu gwada doguwar tafiya: Sakkwato zuwa Shagari mu dawo, wajen kilomita 100 ke nan. Mutum goma sha ɗaya suka fito. Tafiyar zuwa kam sai hamdala. Muka wuce Sifawa muna hira, har wani malamin tarihi da ke cikinmu yana ba mu labarin zaman da Shehu ya yi a garin kafin ya komo Sakkwato a 1815. Muka wuce Boɗinga ko haki babu mai yi. Na duba wayata na ga muna ta kilomita 28 a awa, na ce a raina ashe mun ƙware ba mu sani ba.

Da muka juyo ne ido ya raina fata. Iskar da ke turo mu ta baya tun safe ita ce ta tare mu gaba da gaba, da ƙurarta da komai. Kuma duk wuraren da muka gangara ba mu ma lura gangara ba ce, yanzu sun zama hawa. Ba tsauni ba ne, kowa ya san ƙasarmu, amma irin hawan nan ne mai tsawo da ba ka ganin ƙarshensa sai dai ka ji shi a cinya. A hawa na farko mutum huɗu suka yi gaba. Na ɗaga hannu, na yi kira, ko waiwaye. A na biyu aka sake rabuwa. Na tsinci kaina a baya da mutum biyu, ɗaya daga cikinsu yaro ne ɗan shekara 17, ɗan maƙwabcina, a kan wani ƙaton keke mai faɗin taya irin na hawan dutse, ga nauyi kamar buhun gero.

Kafin mu kai Boɗinga yaron ya sauka ya zauna a gindin dogon yaro. Bai faɗi ba, bai ji ciwo ba, kawai ya ce ƙafarsa ta ƙi. Leɓensa ya bushe ya yi fari, hannunsa na rawa, na miƙa masa gorata ya kasa buɗe murfin. Ashe ko karin kumallo bai yi ba, wai kada cikinsa ya yi nauyi. Allah Ya kawo wata Bafulatana da ƙwaryar fura a ka, ta dama masa, ya sha ludayi ya kai goma kafin idonsa ya dawo daidai. Daga ƙarshe kabu-kabu na tare, aka ɗora shi, ya rungume kekensa a kan cinya har gida. Na gaba sun isa gida tun wajen sha ɗaya, har sun yi wanka sun sa hoto a zaure. Ni sai bayan azahar na shigo, na tarar mahaifin yaron ya kira ni sau bakwai. Abin da ya faɗa mini a ƙofar gida ba sai na maimaita ba, kuma ban ga laifinsa ba.

To tambayata kashi biyu ce. Ta farko, yaya ake shirya irin wannan tafiya ta jama'a yadda ba za a watse a kan hawa ba, alhali ƙarfi ba ɗaya ba, kekuna ma ba ɗaya ba? Ta biyu, wani abokina da ke Jos ya gayyace mu mu je mu yi kwana biyu muna hawa tare da su bayan ƙaramar salla. Mutumin da hawan hanyar Boɗinga ya kayar, me zai je ya yi a Jos? Akwai yadda mutumin Sakkwato zai shirya wa dutse alhali ba shi da dutse?

Mai Faci na Tsohuwar Kasuwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ni ba ni da boko mai yawa, amma shekarata ashirin da wani abu ina kwance keke ina ɗaurawa, bari in hwaɗi abin da nis sani.

Tun da kac ce hawa ya raba ku, ni giya nika tuhuma kahin in tuhumi ƙahwa. Mafi yawan kekunan tsere 'yan Kwatano da aka kawo muna nan tsohin yayi na. Ka duƙa ka ƙirga haƙoran farantin gaba, za ka iske babba 52, ƙarami 42. Ka ƙirga na baya, babban cikinsu bai wuce 23 ba. Wanga keke in ka sa shi giya mafi sauƙi, duk juyi guda na feda yana tahiya da kai kusan mita 4. Ga shimfiɗaɗɗen titi lahiya lau. Ga hawa kau, kamar an ce ka ɗauki buhu biyu lokaci guda maimakon ka ɗauke su ɗaya-ɗaya. Kekunan yanzu gaba 50 da 34 su ka zowa da shi, baya har 32 ko 34. Ka haɗa 34 da 32, juyi guda mita 2 da 'yan kai. Kana tahiya sannu, amma ƙahwa na juyawa ba ta cijewa, kuma gwiwa ba ta yi maka tsiya da dare.

Ba dole sai kun sai sabon keke ba. Firiwil na baya mai manyan haƙora ana samu, a canza maka. Sai dai a duba abin da ka jan sarƙa na baya, in gajere na ba ya ɗaukar 32, sai an canza shi da mai dogon hannu, sarƙa ma a ƙara mata tsawo. Kada ka bari yaron shago ya ɗaura maka hakanan ya ce ya yi, ranar da ka sa babba da babba za ta tsinke ko ta karya maka abin baya gaba ɗai.

Wani abu da nika gani kullum: mutane na da giya ba su san amfaninta ba. Sai sun shiga tsakiyar hawa, ƙahwa ta cije, sannan su danna. Ka ji ƙarau! Sarƙa ta hwaɗi ko haƙori ya lanƙwashe, Litinin a kawo min. Tun kana hango hawa za ka sauko da giya, kuma lokacin da kaka canzawa ka sassauta taka feda kaɗan.

Yaron nan kau an zalunce shi da wanga keke. Taya mai ƙuraje ta ƙasa da duwatsu ta, bisa kwalta cin ƙarhi kawai takai. In ba shi da halin wani keke, a sa mai taya mai santsi, a ɗaga mai sirdi. Na tabbata sirdinai na ƙasa, haka yara ka so don ƙahwa ta taɓa ƙasa. Gwaji mai sauƙi: ya zauna, ya ɗora dunduniya bisa feda tana can ƙasa, ƙahwa ta miƙe sak. Nan na wurin sirdi.

Sai taya. Ku bar son 'yar siririyar nan mai faɗi lamba 23. Titunanmu da rami da tsakuwa, 28 ko 32 ta fi, in firam ya ɗauka. Kuma kada a bunƙara mata iska kamar dutse a fita cikin rana. Kowa ya riƙe tub guda sabo, da famfo, da kayan faci. In kunka sauka gefen titi don ba tirela hanya, kahin ku hau ku shafa taya da hannu, tsidau na nan birjik kuma ba ya sallama. Sarƙa cikin hunturu a goge ta da tsumma duk fita, a ɗiga mai kaɗan. Baƙin man inji da kuka zuba mata shi ka kama ƙura ya zan kamar turmi yana niƙe haƙora.

Duk mai zuwa Jos ya kawo min birki in gani tukuna. Hawa ba ya kashe mutum, gangara ita ka kashewa.

Anti Nas ta rubuta:

Malam, sannu da ƙoƙari, amma ka yi haƙuri, ni dai raina ya ɓaci da na karanta labarin yaron nan. Ni ba na hawa keke, maigidana ne ke hawa, ni kuwa aikin jinya nake yi, kuma irin waɗannan ne ake kawo mana a galabaice.

Abin da ya same shi ba ragwanci ba ne. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, kuma wannan ajiya ba ta wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki da ƙarfi. Ta ƙare, ƙafa ta tsaya, hannu ya kama rawa, kai ya yi dum. Shi ya sa fura ta tashe shi. Ku daina jira sai kun ji yunwa. Daga awa ta farko a fara ci kaɗan-kaɗan a kan keke, abin da masana motsa jiki ke cewa shi ne giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari duk awa. A lissafin gida, dabino shida zuwa takwas ke nan, ko ayaba biyu. Dabino ya fi, ba ya lalacewa a aljihu. Ƙuli-ƙuli da tsire a bari sai an sauka, suna daɗewa a ciki. Kafin a fita kuma a sha koko ko kunu da ɗan burodi, ko da mutum ba ya jin ci.

Ruwa: rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, gwargwadon zafi. Hunturu ma ya fi yaudara, don iska na busar da gumi nan take, mutum bai san yana zubar da ruwa ba sai ya ga farin gishiri a rigarsa. Gora ɗaya ta zama ruwa zalla, ɗayar a yi ruwan gishiri da sukari irin wanda muke koya wa iyaye mata: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Ko a sayi na ƙulli a kemis. Wanda ya yi awa uku bai yi fitsari ba, ko ya yi ya fito ja kamar shayi, ya san jikinsa na binsa bashi.

Abu biyu nake roƙonku. Na ɗaya, kada wanda ya sha maganin ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofen don ya ƙarasa tafiya. Jiki ba ruwa, ga wannan magani, ƙoda ake ci wa amana. Tramadol kuwa ba ma sai na faɗa ba, hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019, kuma mutum mai jiri ba shi da abin yi a kan titin da tirela ke bi. Na biyu, in kuka ga mutum ya fara magana ba kan gado, ko yana amai, ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce fura. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti mafi kusa.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura 40, duk tafiyar da ba za a gama ta kafin ƙarfe tara da rabi ba a haƙura da ita. Da azumi ma haka. Kuma Malam, yaro ɗan 17 ba a ɗaukarsa sai an je an gaida mahaifinsa an faɗa masa inda za a, baki da baki.

Tsohon Ɗan Jos ya rubuta:

Yallaɓai shugaba, barka da wannan aiki. Na yi shekara tara a Jos ina aiki kafin a dawo da ni gida, a can na koyi keke, kuma abin da ya same ku ya same mu ba sau ɗaya ba.

Ka fara cire wa ranka cewa za ka hana mutane rabuwa a kan hawa. Ba za ka iya ba, ko a Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, ba a iyawa. Dalili kuwa, a shimfiɗe abin da mai keke ke faɗa da shi iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, shi ya sa mai rauni ke iya bin mai ƙarfi har ya ɗauka ƙarfinsu ɗaya. Da an fara hawa gudu ya ragu, laɓewa ta daina amfani sosai, sai ya zama kowa da nauyin jikinsa da na kekensa. Mai kilo 60 da mai kilo 95 ba za su kai sama tare ba ko da uwarsu ɗaya. In ka tilasta wa mai sauri ya bi takun na baya, shi ma ka wahalar da shi.

Abin da ake yi shi ne a bar kowa ya hau da takunsa, amma a sama a tsaya. Kuma ga inda akasari ake zalunci: na gaba sun huta minti biyar, na ƙarshe na isowa yana haki sai a ce to mu je. Shi bai huta ba ke nan, a hawa na gaba zai fi haka lalacewa. Mu dokarmu ita ce ba a tashi sai na ƙarshe ya sha ruwa ya ce a tafi da bakinsa.

Sannan ayari na da madugu, yana kuma da mai kora. Kuskurenka shi ne kai kaɗai ka zama duka biyun. Madugu yana gaba, ba mai wuce shi a shimfiɗe. Mai kora yana can baya, kuma ba rago ake sawa ba, a sa wanda ya fi kowa ƙarfi da iya faci, da waya mai kuɗi a ciki. Waɗannan huɗun da suka gudu, ka ɗauko biyu daga cikinsu ka ba su wannan aiki, ka ga yadda za su canza. Mai ƙarfin da ba a ba shi aiki ba tsere zai yi. In kun haura goma ku rabu gida biyu tun daga wurin tashi, masu nisa da masu matsakaici, kowane da madugunsa, a faɗi garin da za a haɗu. Tun daren Juma'a a rubuta a zaure: nisa kaza, gudu kaza, za a tsaya wuri kaza da kaza, za a juyo ƙarfe kaza ko an kai ko ba a kai ba. Wanda ya zo ba hular kwano, ba ruwa, ba abinci, a ba shi haƙuri ya koma.

A titi irin na Boɗinga layi ɗaya za ku yi, ba biyu ba. Na gaba ya ja minti biyu ko uku, ya duba baya, ya kauce ya koma ƙarshen layi. Ya ga rami ya nuna da hannu ya faɗa da baki, na bayansa ya miƙa saƙon. Kada tayar gabanka ta shiga gefen tayar bayan na gabanka, ya ɗan kauce kawai kai ne a ƙasa.

Maganar iska kuwa, hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, ku kuma kuka nufi kudu maso yamma da safe. Kun ci daɗin tun farko kun bar ɗacin sai da rana ta yi, ƙarfi ya ƙare. Ƙa'ida ita ce a fita ana fuskantar iska, a dawo tana turo ka.

Sai Jos. Sakkwato ba ta fi mita 300 daga teku ba, Jos na wajen 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800. Za ku ji numfashi ya ɗan canza, amma ba shi ne matsalar ba, tsawon hawan ne. In an ce hawa kashi 5 cikin ɗari, ana nufin duk mita 100 ka tashi sama mita 5. Ba ya kama da komai a takarda, sai ka yi kilomita huɗu a kai. Hawan dutsen Alpe d'Huez da ake ta magana a Faransa kilomita 13.8 ne, lanƙwasa 21, kusan kashi 8. Gasar duniya da aka yi a Kigali a watan Satumba 2025, karo na farko a Afirka, maza sun yi kilomita 267 da hawan da jimillarsa ta haura mita 5,000, Tadej Pogačar ya cinye. Na kawo wannan ne don ka ga ma'aunin da ake auna hanya da shi: ba nisa kaɗai ba, har da yawan hawa. Ka tambayi abokinka alƙaluman nan biyu kafin ka ce masa to. In ya ambaci Hawan Kibo a rana ta farko, ka ce masa ka gode.

Kuma kuna da dutse, iskar nan ita ce dutsenku. Ku fuskance ta minti goma sha biyar ba tsayawa, a giyar da ƙafa ke juyi 70 zuwa 80 a minti, a huta minti biyar, a sake, sau uku. Ku samu hawa ɗaya mafi tsawo kusa da gari, ku hau ku gangaro sau shida, sau takwas. Sau biyu a mako ya isa. Doguwar tafiya kuma a riƙa ƙara mata kilomita 10 duk mako, ba a tashi daga 40 a faɗa 100 ba. Masu doguwar tafiya na Turai ma da tsani suke hawa: sai ka gama 200, da 300, da 400, da 600, kowace cikin lokacinta, kafin a bar ka ka shiga ta Paris zuwa Brest da dawowa, mai kilomita 1,200 cikin awa 90. A tsarinsu kilomita 200 awa goma sha uku da rabi ake ba ka, ba a tambayar wa ya riga wa.

Na Gaba-Gaba ya rubuta:

Ranka ya daɗe shugaba, ni ina cikin huɗun da ake ta yi da su, gara in fito in yi magana. Wallahi ba mu ji kiranka ba, iskar nan ko wanda ke gefenka ba ka ji. Kuma mun tsaya a Boɗinga, mun sayi ruwa, mun jira ya kai minti ashirin. Na kira wayarka sau biyu ba ta shiga ba. Ɗaya daga cikinmu yana da ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya, shi ya ce tunda Malam na tare da su ba matsala. Ba wanda ya ce mana ga inda za a jira, ba wanda ya ce mana yaron bai ci komai ba. Hoton da muka sa kam kuskure ne, na goge shi tun ranar. Amma a daina cewa mun gudu. In an ba ni aikin mai kora na karɓa, sai dai a faɗa mini tun dare in zo da tub biyu.

Baba na Runjin Sambo ya rubuta:

Jikana ya karanta min wanga zance, na ce ya rubuta min amsa.

Ku yaran yanzu da hulunan kwano da wandon roba. Ni da Raleigh mai giya guda nika zuwa kasuwar Illela ranar Lahadi, in kwana Gwadabawa wajen dangi, in ɗauro kaya ga kariya in komo. In hawa ya yi tsanani in sauka in tura, ba wanda ya taɓa ce min rago. Ban san mi ya sa ku kuka jin kunyar sauka ba. Mai faci ya yi gaskiya ga zancen giya, amma ƙahwa biyu ma giya ta.

Mu ba mu taɓa tahiya ba mu san wa muka tahiya da shi ba. In mutum shida munka tashi, shida za mu shiga gari. Wanda tayarshi ta yi faci, duka a sauka, wani ya riƙe mai keke, wani ya nemo ruwa a kwano a nemi hujin. Ba don kirki ba, don gobe kai na.

Amma abin da yas sa na ce a rubuta min shi na wanga. Ɗan Jos ya ce ku fita kuna fuskantar iska, watau ku yi arewa ko gabas. Ga lissahin iska ya yi daidai. Sai dai ɗana, lokacin da nika bin hanyoyin nan, abin tsoro bai wuce kare da ramin titi ba. Yanzu kowa ya san halin da gabashin jihar nan ka ciki, ba sai na ambaci garuruwa ba. Kada iska ta zaɓa muku hanya. Kahin ku sa ranar tahiya, mutum guda ya tai tasha ya tambayi direbobin da ka bin hanyar kullum, su ka da labarin jiya da shekaranjiya. Kada ku sa hanya da lokaci inda duniya ka gani, ku bari sai kun komo ku sa hotunanku. In kun iske shingen jami'an tsaro ku sauka ku yi sallama, ku cire baƙin gilashin nan. Garin da za ku huta kullum, ku je ku gaida mai gari sau guda, ranar da wani abu ya faru shi ka tsaya muku. Kuma magariba ta iske kowa gida.

Mahaifin yaron nan ka koma ka ba shi haƙuri, ka tahi da goro.

Ɗan Mabera ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba, na je jiya bayan la'asar, da goron. Ya karɓa, ya ce yaron ba zai sake fita ba sai bayan jarrabawa, daga nan a yi magana. Anti, na karɓi faɗan, ina da shi.

Na Gaba-Gaba, na duba wayata na ga saƙon kiranka ya shigo daga baya, ashe inda muka zauna ba sabis. Na janye kalmar gudu. Kai ne mai kora ranar Asabar, ka zo da tub ɗin naka biyu.

Na sauka na ƙirga haƙoran kekena kamar yadda Mai Faci ya ce: 52 da 42 a gaba, 24 a baya. Shekara biyu ina zagin gwiwata ashe ba laifinta. Zan kawo shi gobe da yamma, a duba ko abin bayan zai ɗauki 32.

Ga abin da na rubuta a zaure. Asabar Boɗinga kawai za mu je mu dawo, wajen kilomita 50. Tunda ba za mu bi shawarar iska ba, za mu tafi a hankali da gangan, kada a wuce 22 a awa a zuwa, a ajiye ƙarfin dawowa. Tashi shida da rabi, juyowa takwas ko an kai ko ba a kai ba, a dawowa a tsaya a hanya a jira kowa. Mutum bakwai sun ce za su zo, biyu sun yi shiru, ɗaya ya fita daga zauren.

Na tambayi abokina na Jos alƙaluman nan biyu. Ya ce rana ta farko kilomita 70 ce, hawan kuma bai taɓa aunawa ba, wai ba yawa. Tsohon Ɗan Jos, in mutumin Jos ya ce hawa ba yawa, mita nawa zan rubuta?